Kawu Koriya da Gefen Yamma

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Gyadi-Gyadi ya san muryar. Rana na yin sanyi, kafin a kira magariba, sai ka ji ta daga cikin gidanmu: "Za a hau sama. Mata a kimtsa." Sau uku, ba gaggawa, kamar mai sanar da rasuwa. A ko'ina cikin Kano magini ne ko mai gyaran kwano ke faɗin haka, shi ma sai rufi ya yi yoyo. Kawu Sale kullum yake faɗa. Mai wanka ta katse, mai tsifar kai ta jawo ɗankwali, mai tankaɗe ta ja tabarma gindin katanga. Gidaje huɗu ne suka kewaye mu, kuma babu macen da ba ta taɓa yi masa Allah-ya-isa a ranta ba. Ni a fili nake yi.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, shi da matarsa Inna Asabe, cikin 'ya'yansu. Tun da ya rasu ake tare ni a hanya ana tambayata yadda aka yi da dandamalin nan, kowa da irin abin da ya ƙara. To ga yadda aka yi. Zan faɗa sau ɗaya, don Allah kada a sake tsayar da ni a rana.

Dandamalin dai saman ɗakin girkinmu ne, rufin siminti, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Tsanin katako ake takawa. A can yake kafa madubinsa na hangen nesa, wani bututun tagulla mai tsawon taɓarya da ƙafafu uku. Kawu bai damu da riga ba, bai damu da abinci ba, an taɓa sace masa keke ya ce ɓarawon ya rage masa gyara. Abu ɗaya yake tsoron rasawa a duniya, shi ne wannan wurin.

Sana'arsa gyaran tabarau, a wani ɗan shago a kasuwar Tarauni. Tun kafin a haife ni wani tsohon Bature, Fadan coci, ya kawo masa tabarau da ƙafa ɗaya a karye. Fadan ya daɗe a ƙasar Koriya kafin a turo shi nan, yana kuma jin Hausa irin ta littafi. Aka gyara, ya biya, bai tafi ba. Ya dawo wani sati, tabaran lafiyarsa ƙalau. Haka suka yi shekaru a kan benci ɗaya, kuma labari ɗaya suke juyawa.

Na ji labarin nan fiye da yadda na ji sunana, don haka zan gajarta. A zamanin da, sarkin Koriya yana da ma'aikata na musamman masu duban sama. Su ke fitar da kalanda, su faɗi lokacin shuka, su faɗi ranar da rana ko wata zai yi kusufi. Duk shekara sarki yana tura jakadu birnin Beijin na ƙasar Sin. A can suka tarar da wasu Turawa, malaman cocin Katolika, suna yi wa sarkin Sin lissafin taurari, kuma nasu lissafin yana fita daidai. Ba mai jin yaren wani, sai a zauna da takarda da tawada, wannan ya rubuta tambaya, wancan ya rubuta amsa. Jakadun suka riƙa komawa gida da madubin hangen nesa, da agogo mai bugawa da kansa, da taswirar duniya wadda ta nuna ƙasar Sin ba ita ce tsakiyar komai ba. Har mutum aka tura musamman ya je ya koyo lissafin a ɓoye, don ba a yarda a koya wa baƙo.

Daga nan Fada yakan gyara zama ya ce, "Sai kuma wasu daga cikinsu suka karanta sauran littattafan, waɗanda ba na taurari ba..."

"Fada," in ji Kawu, "tabaranka ya gyaru."

"Ban gama ba, Malam Sale."

"Ni a nan nawa ya ƙare. Ka kai sauran coci."

Kawu ya san sauran sarai. Ya san wasu sun karɓi addinin, ya san an kashe da yawa a kansa, kuma in ya zo wurin yakan ce ba abin dariya ba ne. Amma shi, in ji shi, yana tare da waɗanda suka ɗauki madubi suka yi godiya suka kama hanyar gida. Da Fada zai koma ƙasarsu, sai ya kawo masa bututun nan a naɗe cikin bargo. Kawu ya ƙi karɓa hannu sake, ya ce jakadun ma ba su je haka nan ba. Ya sayo mafici biyu da kilishi.

"Na karɓa irin karɓar mutanen Koriya," ya ce.

"Na sani," in ji Fada. "Ai ni na yi fama."

Daga nan sunan ya bi shi. Yara ba su san wani Sale ba, Kawu Koriya suka sani. Ba ya jin haushi. In an kira shi da shi a masallaci ma juyowa yake.

Da na shiga sakandare aka fara yayin finafinan Koriya a waya, ni ma na faɗa ciki. Ban san wanda ya kai masa labari ba. Wata ranar Asabar ina kwance a tabarma da waya a hannu sai na ga inuwarsa a kaina.

"An ce kina da mutanena a nan ciki."

Na so in ce ƙarya ne. Ya riga ya zauna. Na zaɓo masa na zamanin sarakuna, masu dogayen huluna, don shi ne mai dama-dama. Ya yi ta kallo, tabarau a karan hanci, har batir ya kusa mutuwa.

"Ina masu duban sama?"

"Kawu, na soyayya ne."

"Sarkin nan tun ɗazu yarinya yake kallo. Wa ke riƙe masa da kalanda?"

"Ban sani ba."

"Mayar baya." Na mayar. "Jiya a labarin wata ya cika. Yau ma ya cika. An ce bayan sati biyu, ga shi nan a cike." Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Mutanen da kakanninsu suka sassaƙa taurari a jikin dutse. Ki rubuta musu."

"In rubuta wa wa?"

"Ke kika san su."

Sati guda yana tambayata ko sun ba da amsa.

Rigimar ta taso ne da Alhaji Mudi, mai sayar da taya a Unguwa Uku, ya sayi gidan da ke yamma da mu. Tsofaffin maƙwabta sun saba, sun mayar da kiran Kawu agogon ɗora tukunya. Alhaji bai saba ba. Ya yi sati biyu yana ganin tsoho a sama da bututu ya nufo gidansa, sai ya kai ƙara wurin mai unguwa. Kuma in za a faɗi gaskiya, ni ina bayan Alhaji. Na gaji da katse wanka.

Mai unguwa ya zo da kansa. Mutum ne mai jiki, tsanin ya yi ƙara sau biyu kafin ya kai. Mu mata muna bakin ƙofar ɗaki muna ji. Ya ce a juya bututun a saita tsakar gidan Alhaji. Aka saita. Ya sa ido ya daɗe.

"Hazo nake gani."

"Ba ya ganin kusa," in ji Kawu. "Ba don maƙwabta aka ƙera shi ba."

Aka ɗaga shi can nesa. Mai unguwa ya sake sa ido.

"Sale, wancan ba tankin ruwan Daurawa ba ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Me ya kifar da shi?"

"Haka yake nuna komai. A sama ba kai ba ƙafa, ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Alhaji yana ƙasa, hannu a ƙugu. Ya ce, "To na ji na bututu. Idanun da Allah ya ba shi fa? Su ma a kife suke gani?"

Mai unguwa ya yanke hukunci cewa a kewaye dandamalin da zana, tsawon mutum, yadda wanda ke ciki ba zai ga komai ba sai sama. Kawu ya kewaye gabas, ya kewaye kudu, ya kewaye arewa. Yamma ya bari a buɗe, wato daidai gefen da aka kawo ƙara a kansa. Ya ce ta nan jinjirin wata ke fitowa, ta nan tauraruwa Zara ke faɗuwa, kuma dukansu ƙasa-ƙasa suke, dab da katangar Alhaji. In an toshe yamma, gara a rushe wurin gaba ɗaya.

"To a rushe," in ji Alhaji, da aka sake zama a zauren mai unguwa. "Dattijo da kai, kana wasan yara. Me ka taɓa gani a can da ya amfani wani?"

Kawu ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce rana za ta yi kusufi bayan wata biyar. Ya faɗi ranar, ya ce da hantsi, ya faɗi lokacin har da minti. In ya dace, a bar masa yamma. In bai dace ba, a rushe dandamali, a kuma yi masa bulala.

Mai unguwa ya ce, "Bulalar ta mece ce?"

"Haka ake yi a Koriya. An taɓa zane wani saboda kuskuren rubu'in awa."

"Ba wanda ya nemi wannan, Sale."

"Ni na nema."

Ya yi lissafinsa da alli a ƙasan ɗaki, har Inna ta rasa inda za ta taka. Da ranar ta matso, gidajen rediyo suka fara sanarwa, kuma lokacin da suka faɗa ya sha bamban da nasa. Na kai masa waya har shago na nuna masa.

"Kawu, ka gyara naka tun ba a ji ba."

"Wannan na Abuja ne."

"Rana ɗaya ce ai."

"Rana ɗaya ce, wurin tsayuwa ne daban. Mutanen Koriya sun daɗe suna karɓar kalandar Beijin, kusufi yana saɓa musu, sai da suka gane lissafin kowane gari nasa ne. Ni na Gyadi-Gyadi nake yi."

"In an rushe fa?"

Ya ci gaba da ɗaure wata ƙaramar ƙusa a jikin tabarau. Ban sake tayar da maganar ba.

Ranar ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, wai sarkin Koriya fari yake sawa ranar kusufi. Ya sauko da bututun ƙofar gida, karo na farko a saninmu. Ya hana kowa sa ido a ciki, ya ce wanda ya sa ba zai sake buƙatar tabarau ba har abada. Farantin Inna na tangaran ya tara a bayansa, rana ta faɗo a kai kamar ƙosai. Layi ya cika. Yara sun zo da gwangwanaye tun daga Darmanawa, Kawu ya ce a bar su, a fadar Koriya ma ganga ake bugawa. Mai shayi ya matso da teburinsa. Ana ta gardama a kan ko kusufin fushin Allah ne ko aya ce kawai, wani direban adaidaita yana rantsuwa a garinsu sai da kaji suka shiga akurki.

Ni wayata tana hannuna. Lokacin da ya faɗa ya yi, farantin yana nan a cike. Na dubi Kawu, shi ma agogonsa yake kallo. Ba wanda ya lura. Can sai gefen ƙosan ya gutsure kaɗan, kamar ɓera ya taɓa. Wata mata ta yi salati. Yara suka hau dukan gwangwani. Haske ya yi wani iri, kamar an tsoma garin a ruwan shayi, liman ya sa aka kira salla, maza suka tafi masallaci.

Da aka fito, mutane suka yi ta ba shi hannu. Alhaji Mudi ya zo gaban mai unguwa, murya a sanyaye, ya ce, "Malam Sale, na janye. A bar maka yamma."

"Ba ka janye ba," in ji Kawu. "Na yi kuskure."

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Kawu, yi shiru mana. Ba wanda ya gani."

"Ke kin gani." Ya ɗaga murya. "Na riga ta da kusan rubu'in awa. Yarinyar nan shaida ce."

Duk aka juyo aka dube ni. Na ce ni ban san komai ba, wayata ba ta da saiti. Ya ce wayata lafiyarta ƙalau, ni ce ba ni da saiti.

Alhaji ya ce, "Haba Malam, rana ta kama ko ba ta kama ba?"

"Ta kama. Ba lokacin da na ce ba. A kawo diga."

Aka yi cirko-cirko. Wanda ya yi nasara yana roƙon a ce ya faɗi, wanda ya faɗi ya ƙi. Mai unguwa ya zauna a bencin mai shayi ya yi tunani. Sannan ya ce, "Sale, tsaya. Shi wanda aka zane a Koriya, an rushe wurin duban nasa?"

"A'a. Wurin na sarki ne."

"Bulala kawai?"

"Bulala kawai."

"To hukuncin Koriya ka nema, shi za a yi maka. Dandamali na nan. Wa zai yi bulalar?"

Ba kowa. Alhaji ya ce shi hannunsa na ciwo. Liman ya tuna ana jiransa. Matasa suka sunkuyar da kai, don rabinsu shi ya gyara wa iyayensu tabarau kyauta. Sai labulen ƙofarmu ya motsa, Inna Asabe ta fito zaure da mayafi, da muciya a hannu.

Kawu ya dubi muciyar. "A Koriya ba mace ke yi ba."

"Nan Gyadi-Gyadi ne," in ji Inna. "Kai ka ce lissafin kowane gari nasa ne."

Aka shiga da shi zaure, mai unguwa ya tsaya shaida. Sau uku ta yi masa a kafaɗa. Biyun farko ko ƙuda ba za su kora ba. Na ukun har waje an ji.

"Wannan ba na kusufi ba ne," in ji Kawu.

"Na matan layi ne."

Ya fito yana murza kafaɗa, ya ce wa mai unguwa an yi adalci.

Aka zauna lafiya shekaru. Shi da Alhaji ba su zama abokai ba, kada wani ya ce muku sun zama. Gaisuwa ce kawai, ita ma gajera. Sai taya ta yi albarka, Alhaji ya tashi ɗora bene. Muka wayi gari tifa ta zube yashi da bulo a ƙofarsa. Kawu ya tsaya ya kalli bulon, ya shiga gida. Wannan karon babu mai unguwar da za a kai wa, don mutum a filinsa yake gini. Kawu ya daina cinye tuwonsa, ya daina ba da labarin jakadu ko an tsokane shi. Da yamma yana hawa ya daɗe fiye da da, kamar mai kwashe kaya kafin gobara.

Ni ba na iya kallon abu ina shiru. Na yafa mayafi na sami Alhaji a ƙofar gida yana lissafi da magini.

"Alhaji, za ka toshe masa yamma."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ba ke ce aka ce kin fi kowa son a rushe ba?"

"Ni ce. Ni ke da ikon so, kawuna ne."

"Filina ne, yarinya."

"Na sani."

"To gaida Innarki."

Na dawo ina huci, ban faɗa wa kowa na je ba. Gini ya tashi. Sai da aka kai linta muka lura da abin. Benen ya zo ɗaki biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a tsakiya kuma an bar wani fili a buɗe, ba rufi ba bango, daidai saitin ɗakin girkinmu. Duk wanda ya wuce layin ya san gidan, shi ne mai kama da bakin da aka cire wa haƙori. Maginin ya yi ta yawo yana faɗa wa mutane ba shi ya tsara ba, don kada a ɓata masa suna. In an tambayi Alhaji sai ya ce don iska ne.

Ranar da aka sauke katakon gini, Kawu ya hau. Ni da Inna muna ƙasa muna jira. Ya daɗe. Ya sauko a hankali, ya zauna, ya ce a ba shi ruwa.

"Yaya?" in ji Inna.

"Ya rage taku ɗaya ta kudu. Watan lokacin sanyi ba zai shiga ba."

"Sai ka je ka faɗa masa."

"Zan faɗa masa."

Bai faɗa ba. Washegari ya ba ni wani sabon tabarau a naɗe cikin takarda, ya ce in kai wa Alhaji, ya lura yana matse ido in yana duba waya. Alhaji ya sa, ya duba tafin hannunsa, ya ce ya ɗan yi masa ƙarfi. Shi ne a fuskarsa har yau. Ranar kuma Kawu ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Ta wannan tsagar ya ga watan azumin bana, shi kaɗai, ya sauko ya ce wa Inna ta jiƙa gero. Bai ga na Salla ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya tafi da rana tsaka, ba wahala. Da aka fito da shi, Alhaji ne ya riga kowa kama makara, kuma an ce har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba.

'Ya'yan Kawu sun yi maganar ɗora tankin ruwa a dandamalin. Na ce su nemi wani wuri. Ban iya saita bututun ba tukuna, komai hazo nake gani, kuma ba ni da haƙurinsa. Amma ina hawa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, manya da na rubu'in awa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi, ya buɗe masa ta kowane gefe. Amin.